Ku Sa Faifan Makaɗin Ƙauyenmu

Assalamu alaikum, ɗana mai gabatar da shiri a rediyo. Daga Maradun nake rubutowa.

Ran Talata ka karanto littafin Turawa, ka ce wai gida a zuciya yake. Raina ya ɓaci. Na karanta irinsa a makarantar Midil tun ba a haife ka ba. Ruwan madatsar Bakolori ya rufe ƙauyenmu har da kabarin matata, kai kana gaya mini zuciya!

Kuna da faifan makaɗin nomanmu, wanda yake kiran manoman ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ina roƙo, kuna sa kiɗan Indiya.

Na so in gaishe da manoman nan, amma sunayen sun fara ɓace mini, kuma ba wanda zan tambaya. Ku sa faifan ya gaishe su a madadina.