Huɗar da Ba a Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Maigari, Allah gafarta Liman, Sarkin Noma, Arɗo Yero da jama'arka, dattawan Safana, da ku iyayenmu mata da ke saurare bayan darni. Na gode da aka ba yaro bakin magana, ko da yake wasu za su yi da-na-sanin ba ni.

Gonakinmu sun gaji, ƙuduji ya cinye gero, shi ya sa kuka aike mu mu dubo filin da ke bayan Babban Duhu, bakin dajin Rugu, ko zai zaunu. Kun ji bakin dattawan da muka je tare. Ga nawa.

Ƙasa dai, ban ƙaryata su ba, baƙa ce mai laushi. Ruwa, ka tona rafi kaɗan ka sha. Ciyawa kuwa, Arɗo, shanunka sai sun ɓace a ciki. Har tsohon rumbun waɗanda suka taɓa zama a can muka tarar da sauran dawa, Sarkin Noma ya damƙo yana cewa, "Kun ga albarka? Har ta yi musu yawa!"

Haba Baba! Wane manomi ne dawa ta taɓa yi wa yawa? Wace mace ce ke ƙaura ta bar dutsen niƙa, ta bar tukunya bisa murhu? Ban zauna gaban malami ba, da kaina na haɗa baƙi, amma na karanta cewa maƙwabci ake nema kafin gida. Maƙwabcinmu a can daji ne, dajin kuwa hanyar maharan Maraɗi ce. Ba ganuwa, ba kafi, ba garin da zai ji ihunka. Hutu ne ya gyara ƙasar nan, kuma kun san abin da ya hutar da ita.

Ga abin da na tsinto. Garma ce, a kafe na same ta tsakiyar huɗar da ba a ƙarasa ba. Armaya'u maƙeri, taso ka duba. Ƙirarka ce ko ba ƙirarka ba ce? Wa ka ƙera wa? Ka koma ka zauna? To ni zan faɗa. Ta kawuna Jinjiri ce, wanda kuka ce ya sami wuri ya manta da mu. Inna Tasalla, kina bayan darni, kin ji. Kin ɗaure kaya za ki wurin ƙanenki, ni kuwa na kasa faɗa miki a ɗaki.

Na san an riga an yanke. Na san gidajen da za a fara turawa, babu na mai rawani a ciki. Kuma za mu tafi, don rumbunmu ko ɓera ya daina leƙawa. Mashi sau ɗaya ne, yunwa kullum.

Allah Ya tsare masu tafiya, Ya yafe wa masu turawa. Allah Ya ba ni ikon ƙarasa huɗar Kawu Jinjiri. In ban ƙarasa ba, Allah Ya sa wanda zai tsinto garmar nan a karo na biyu ya fi ni samun masu saurare.

Na gode.