Wa'adin Mai Takaba a Unguwar Misfala

ISA: Salamu alaikum. Maman Hudaifa? Isa ne, mai gadin gidanku.

AISHATU: Wa alaikumus salam, Malam Isa. Ina wuni?

ISA: Lafiya lau. Ya ƙarin haƙuri?

AISHATU: Da godiya.

ISA: Ya su Hudaifa? Tarin ya sake shi?

AISHATU: Da sauƙi.

ISA: Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Malam Nu'uman, ya sa ya huta.

AISHATU: Amin. Kana ina ne? Ina jin muryarka tana amsa-kuwwa.

ISA: Ina ƙasa, gindin bene. Kin san tun da korona ta shiga ɗakinku aka hana mu hawowa. Ya'ani… mai gida ne ya aiko ni.

AISHATU: Mai gyara?

ISA: Mai gida! Abu Rakan. Alo? Kina ji na?

AISHATU: Ina ji. Ai Malam bai bar bashin haya ba.

ISA: Ba maganar haya ba ce. Ɗansa ne aikinsa ya tsaya a Jidda, zai dawo da iyalinsa. Wai ɗakinku yake so ya ba shi.

AISHATU: To.

ISA: Ya ce ƙarshen wata.

AISHATU: Wane watan?

ISA: Wannan da muke ciki.

AISHATU: To.

ISA: Wallahi na roƙe shi. Na ce ya sheikh, matar nan takaba take, ko rabi ba ta yi ba, ina za ta fita? Ya ce agadin haya, wato takardar yarjejeniyar, da sunan mamaci yake, ya tafi tare da shi. Kalas, magana ta ƙare.

AISHATU: Haka ya ce?

ISA: Haka ya ce. Na ce ai mutane na cewa ba a korar kowa cikin annoba. Ya ce ki kai ƙara in kina da igama, takardar izinin zama.

AISHATU: Ya san ba ni da ita.

ISA: Ya sani.

AISHATU: To.

ISA: Da ƙyar ya ƙara sati ɗaya. Akwai wata Kabira a unguwar Ka'akiyya, 'yar garinmu ce, tana da ɗaki a saman rufi. Sai dai ta ce a kawo takardar gwajin korona tukuna. In yi mata magana?

AISHATU: Yi mata.

ISA: Maman Hudaifa, ki ce wani abu mana. Ko zagina ne ki yi. Mijinki ne fa ya samo mini aikin nan, yau ni aka aiko.

AISHATU: Ka samo mini kwalaye a kantin ƙasa. Ka ajiye a bakin ƙofa, ka ƙwanƙwasa.

ISA: Zan kawo, in sha Allahu.

AISHATU: Malam Isa, lamba nawa kake sawa?

ISA: Lambar waya?

AISHATU: Ta takalmi. Na Malam na nan, akwai wanda bai taɓa sawa ba. Ba zan iya ɗaukar komai da komai ba.

ISA: Haba, Maman Hudaifa… Alo? Alo?