Kujerar Gaba

A tashar mota, wani malamin makaranta ya miƙa wa wata mata mai ƙunshin wanki takardar gayyata.

"Baiwar Allah, ranar Asabar za mu zauna a makarantarmu, mu tattauna yadda za a rage talauci a unguwa. Don Allah ki zo. Zama uku ke nan waɗanda aka kira taron dominsu ba sa zuwa. In wannan ma bai yi ba, za a karɓe mana ajin."

"Malam, ai na zo wancan satin."

"Kin zo? Ban gan ki ba."

"Daga bakin ƙofa na juya. Wa kuka zaunar a kujerar gaba?"

"Matar mai gidan mai. Ita ta ba mu aron kujeru."

"To kayanta ne wannan a kaina. In miƙe a gabanta in ce yarana ba sa ƙoshi? Kafin in kai gida ta samu wata mai wankin."

Malamin ya jujjuya takardun hannunsa.

"In na hana ta zuwa, ta janye kujerunta, a kan me za a zauna?"

"Ku shimfiɗa tabarma, mun saba. Amma don girman Allah kar ka ce mata mai wanki ce ta faɗa. Ni kaɗai gare ta."