Maruƙan da Ba a Huda wa Kunne Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa.

Shugaban wannan zama, Sarkin Pawan Rumde Ajiya, Alhaji Usmanu, ranka ya daɗe. Wakilin Lamiɗo, Allah ya ja zamanin uban ƙasa. Wakilin hukuma, Mushe Fulbert, barka da zuwa. Limaminmu, Malam Iliyasu, Allah ya gafarta Malam. 'Yan'uwana mahauta da dillalan kara, Fulani makiyaya da suka baro ruga da tsakar rana, iyayenmu mata da ke saurare daga bayan zana, jama'ar Garwa manya da ƙanana: assalamu alaikum.

Na gode wa Sarkin Pawa da ya tara ku, na kuma gode muku da kuka bar tebur da wuƙa a ranar ciniki. Usoko, usoko, in ji Fulani in suna godiya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Hamidu Jibril, dillalin shanu. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko, farasancina bai wuce na ciniki ba. Amma tunda na dawo daga Yawunde na kasa zama wuri ɗaya, har mai ɗakina ta ce ko dai in faɗi abin da ke cina ko in je a yi mini rubutu. To yau zan faɗa.

Maganar farko, yadda aka yi na shiga jami'a.

Bayan ƙaramar Sallah na loda shanu a jirgin ƙasa daga Ngaundere. Kasuwa ta yi nauyi a Yawunde, zama ya kama ni a unguwar Briketeri. Kun san 'yar ƙanena, Zuwaira, wadda muka yi ta ce-ce-ku-ce a kan tafiyarta karatu. Ita ta zo ta same ni ina ƙirga ƙudaje, ta ce, "Baffa, tashi mu je jami'a. Kowace Alhamis ana gayyato masani daga wata ƙasa ya yi lacca, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa."

Na ce, "Me dillali zai tsinta a can?"

Ta ce, "Maganar shanunku ake yi, Baffa, ba kwa nan."

Na bi ta. Zaure ne mai matakala kamar gangaren dutse, cike da samari da 'yan mata, ni kaɗai ne mai babbar riga. Zuwaira ta zauna kusa da ni tana raɗa mini fassara.

Baƙon ranar wani dattijo ne masanin ruwan sama. Ya sa aka kashe fitila, ya haska hotuna a bango, hotunan ƙasarmu da aka ɗauko daga can sama. Ya nuna tafkin Cadi yana da faɗi, ya nuna shi ya tsuke. Sannan ya yi maganar babban farin nan da ya wuce, wanda dukanmu muke tunawa. Ya ce alamunsa sun bayyana tun kafin ya iso, masana sun gani, sun rubuta.

Jama'a, da Zuwaira ta raɗa mini wannan, sai da na riƙe kujera. Mutum ɗaya ya faɗo mini a rai, aminina Halliru na Ngong.

Da yawanku kun san Halliru. Mutum ne mai hankali, ba ya gaggawa, ba ya caca da dukiya. A shekarar da makiyayan arewa suka gangaro suna karyar da shanu, shi gani ya yi arziki ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya sayar da gonar audugarsa, ya sayar da motarsa, ya cika garke. Damina ta zo ta yi rowa, wadda ta biyo ta ta fi ta rowa. Na je na tarar da shi yana tsinko ganyen itace yana ɗura wa saniyar da ba ta iya ɗaga kai. Ko guda ba ta tsira ba. Yau itace yake sayarwa a bakin hanya, in garke ya zo wucewa sai ya juya masa baya har ƙura ta lafa.

Wato a lokacin da Halliru ke sayar da gonarsa, akwai waɗanda suka san abin da ke tafe, suna faɗa wa juna a zaure mai fanka, cikin harshen da ba ya ji.

Magana ta biyu, abin da ya hana ni barci.

Alhamis ta zagayo, ban jira Zuwaira ta kira ni ba. Wani ya yi bayanin yadda rigimar masu man fetur a can Gabas ta Tsakiya ke tsawwala kuɗin motar da ke kawo mana kanwa. Na ce ashe duniya ɗaki ɗaya ce, in an yi atishawa a wannan lungu sai mura ta kama na wancan.

Amma wadda ta gama da ni ita ce baƙuwar Alhamis ta ƙarshe da na je, wata likitar dabbobi, Dokta Florentine. Ta yi aiki a ƙasashe da dama, kuma maganarta a kan bushiya ce, cutar da Fulani ke kira pettu. Yaran yanzu sunanta kawai suka sani. Dattawan da ke nan sun san ranar da ake wayar gari garke na zawo, idanu na zubar ruwa, kafin mako ya cika sai ungulu.

Ta tuna mana babbar allurar da aka yi shekarun baya, lokacin da ake huda kunnen duk saniyar da aka yi wa. Ta ce cutar ta kwanta, sai kowa ya saki jiki, allura ta ja baya. Ta ce shanun da aka huda wa kunne sun tsufa, an yanka su, an cinye. 'Ya'yansu da jikokinsu ba su da garkuwa. Sannan ta nuna gabas a taswira, ta ce inda ake yaƙi ba a allura, kuma mai gudun harsashi ba ya tsayawa neman takardar likita kafin ya tsallako da garkensa. Ba sai an gaya mana wannan ba. Mun ga jama'ar da yaƙin Cadi ya koro Kusiri, mun ga shanunsu a karanmu, da arha kuwa. Ni kaina na saya.

Da aka ba da damar tambaya, na ce wa Zuwaira ta tashi ta faɗi maganata yadda na faɗa, kada ta sa mata zuma. Ta miƙe, ta ce, "Baffana dillalin shanu ne daga Garwa. Yana tambaya: wannan magana, wa kuka gaya wa?"

Likitar ta dube ni, ta ce, "Mun rubuta wa ofisoshi, kuma na san hakan bai isa ba. Amma ki tambayar mini Baffa: tun da muke yawo, wace kasuwar shanu ce ta taɓa kiranmu? In mun shigo kara, dabbobi ake ɓoye mana."

Gaskiya ta faɗa. Sai na ji bakina ya ce, "To ni na kira ki." Ta ce ta amsa.

Da na dawo, kafin in shiga gida na tsaya a Ngong. Na zayyana wa Halliru komai, ina zaton zai yi fushi da masu ilimi. Ya daɗe yana gyara ɗaurin itace, sannan ya ce, "Hamidu, ko da sun zo har ƙofata sun gaya mini a wancan lokaci, da ban yarda ba. Da cewa zan yi baƙin ciki suke mini." Ya ƙara da cewa, "Amma ka je ka faɗa. Wanda ya ƙi ji, ka turo shi ya gan ni."

Washegari na shiga kara, ba don ciniki ba. Kunnuwa na bi ina dubawa, daga wannan turke zuwa wancan, har yara suka fara yi mini dariya. Tsofaffin shanu biyu ko uku na gani da huda. Sauran duka, bijimai da karsana da maruƙa, kunnuwansu lafiya lau kamar ganyen ɗorawa. Kada ku ɗauki maganata. Gobe ku je ku duba da idanunku.

Magana ta uku, abin da ake faɗa a bayan idona, wanda gara a faɗe shi a gaban kowa.

An ce ciwo da lafiya na Allah ne. Haka ne, Allah ya gafarta Malam, babu mai ja. Amma Malam da bakinsa ya koya mana cewa wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, kuma wanda ya ga hadari ya bar hatsinsa a waje ba tawakkali ya yi ba.

An ce taro irin wannan yana jawo idon hukuma. Ga Mushe Fulbert nan zaune, da izininsa muka taru, da izininsa baƙuwar za ta yi magana.

An ce, kuma wannan ita ce ta gaske, in likita ta ga abin da ba ta so, za a rufe kara ga babbar Sallah na ƙaratowa. Ba zan yi muku ƙarya ba: yana iya faruwa. Na tambaye ta, ta ce ba za ta yi alkawarin rufe ido ba. Na san akwai wanda abincin gidansa na shekara ya rataya a kan cinikin makonnin nan. Ni ma haka. Shanun da na saya daga gabas suna can hayin kogin Binuwai, na ware su, ban kawo ko ɗaya kasuwa ba, kullum suna cin ciyawa ba sa kawo komai. Yana mini ciwo. Amma rufin mako biyu da rufin har abada ba ɗaya ba ne, kuma gara a ji zafin allura da a ji warin mushe daga nan har Rai Buba.

Dokta Florentine za ta sauka Ngaundere ranar Laraba. Kwana ɗaya take da shi, daga nan za ta bar ƙasar. Ta ce ba ta son zauren lekol, a kara take so ta tsaya, a tsakiyar shanu. Zuwaira ta bar karatunta za ta biyo ta don ta mayar da magana Hausa, muna kuma neman mai mayarwa Fulatanci. Muna neman mota ta ɗauko su. Abin da ya fi waɗannan, muna neman kowa ya zo da garkensa yadda yake, kada a kora ko maraƙi ɗaya bayan gari. In za a ɓoye, ku gaya mini yanzu in aika mata kada ta wahalar da kanta. Ranka ya daɗe Sarkin Pawa, ina roƙo kada a watse sai an yanke wannan. Shanuna ne za su fara tsallako kogi, a fara dubawa daga kansu.

Allah ya tsare dukiyarmu da ta maƙwabtanmu. Allah ya kashe wutar da ke ci a gabas, ya mayar da kowa gidansa. Allah ya sanyaya zuciyar waɗanda suka yi asara, ya musanya musu da alheri. Allah ya kawo baƙuwarmu lafiya, ya ba mu kunnen ji da ƙarfin halin aikatawa. Allah ya zaunar da Garwa da ƙasarmu lafiya.

Na gode.