Butar Filin Rugbi

Ana cewa wai a tsoffin karawar rugbi tsakanin Japan da Koriya, ɗan Japan mai riƙe butar farfaɗo da 'yan wasa ba ya yayyafa wa ɗan Koriya ruwa idan ya suma. Ban yarda ba, na shiga cigiya. A kasuwar tsoffin kaya ta Osaka a Japan na tarar da wani tsoho ɗan Koriya yana taya buta a wurin wani dattijo ɗan Japan.

"Dattijo, ta filin rugbi ce?" in ji ɗan Koriyan.

"Ita ce, amma ba na sayar wa waɗanda muka saba lallasawa."

"Lallasawa? Na suma a garin nan, wani naku ya kwara mini ruwa, na tashi na ci ku. Shekara arba'in ina nemansa in yi godiya."

"Kai ne mai lamba tara? Ai ni ne na kwara maka! Saboda kai aka ƙwace mini riƙon buta!"

"To, na gode."

"Zauna in dafa mana shayi a cikinta."

Mai buta ya sake zuba wa ɗan Koriya ruwa, wannan karon na shayi.