Sa Hannun Darakta

A bodar Jibiya ne, shekarar da aka kawo Shari'a, muna jiran jandarmomin Nijar su gama hutun rana. Wata mai safarar robobi ta dubi saurayin da ke gefenta.

"Ɗana, awa biyu ko tsaki ba ka yi ba."

"A Yamai nike karatu, Inna. Sun koya mani jira."

"Ai ka huta."

"Direba ya kawo saƙo babana na kwance a garinmu Riko. Kwana huɗu daraktanmu na cewa gobe zai sa hannu a takardar fita."

"Ba ka tada mashi hankali ba?"

"Da shekarar farko ce, da na yi. Zama na yi ina shan shayi da masinjansa. Sadakar uku na tarar."