Man Sitronel a Tashar Jirgin Ruwa

A tashar jirgin ruwan Treichville mai talla ya tare Hajiya Zuwaira da 'yar kwalba.

"Hajiya, man sitronel, na ciyawar nan mai ƙamshin lemo! Masana sun gwada, yana kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari kafso."

"A farantin ɗakin gwaji suka gwada, malam. Ƙafar ɗana faranti ce? Kafso biyu-biyu muka riƙa saya wa mikin da ke jikinta a kasuwar Adjamé, ya lafa mu daina. Yanzu likita ya ce babu maganin da ke kama shi."

"Shi ya sa na bar sayar da kafson, ba ya ci kuma."

"Au, ashe ku ne!"

"Ku ke cewa biyu sun isa, Hajiya."

Ta ja tsaki, ta dubi ruwa.

"Jibi za su yanke ƙafar. Miƙo kwalbar."